Eriyar da Na Sa Ta Fuskanci Kano

Tun kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Na zauna rubuta shi ne don jikokina su same shi daga tushe, saboda yadda kakarsu take bayar da shi kullum ƙara tsawo yake yi, har ta kai yanzu cewa take wata guda na yi ina fama. Kwana tara ne. Ina da shaida a rubuce, da kwanan wata da komai, a bayan wani tsohon littafi da zan yi maganarsa nan gaba.

Ƙauyenmu yana can bayan Riruwai, a wani lungu da duwatsu suka yi wa zobe. Wuri ne mai albarkar masara da rake, ruwa ba ya yi mana rowa. Amma duk wani abu da yake tafiya a iska, in ya zo kanmu sai ya ɗauke kai ya wuce. Wayar hannu sai ka hau dutsen bayan gari, ka ɗaga ta sama kana juyi kamar mai korar shaho, wata rana ta kama, wata rana ka sauko da ciwon gwiwa kawai. Sababbin tashoshin nan da yaran birni suke ji a mota ba su san da zamanmu ba. Abin da ya rage mana shi ne tsohuwar tashar Kano ta matsakaicin zango, ita ma zuwa take yi kamar marar lafiya yana wasiyya: ka ji kalma biyu, shuuu ta cinye biyar.

A shekarar da nake magana, 'ya'yanmu sun haɗa ƙarfi sun biya wa mahaifiyarsu kujerar Makka. Tun tana amarya take ambaton wannan tafiya, ni kuma tun ina ango nake ce mata sai baɗi. Ta yi bita, an yi mata allura, an ba ta jaka da atamfar alhazai, ta ɗinka ta ninke ta sa a ƙarƙashin matashi. Ranar bita ta ƙarshe jami'in alhazai ya gaya musu gaskiya: jirgi ba shi da tsayayyiyar rana. Ya ce a kasa kunne a rediyo, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma ake kira, bayan labaran safe da bayan na yamma, kuma in aka kira wani lokacin kwana ɗaya ne tsakani. Wanda bai isa sansani a Kano ba, jirgi ba ya tsayawa neman sa. Daga ƙofar gidana zuwa Kano kuwa yini ne cur, in rafi bai cika ba, in an samu mota a bakin titi, in motar ta ga dama.

Mai hankali abin da zai yi shi ne ya riƙa tura ɗan acaɓa Riruwai kullum ya jiyo. Matata ma haka ta ce. Ni kuwa na gyara zama na ce, “A gidan da akwai wanda ya karanta lantarki?”

Ta ce, “Wa ke nan?”

Mai ilimi ba ya biye wa kowace magana.

Karatun nawa ga yadda yake. Na gama aji bakwai, aka ɗauke ni makarantar koyon sana'a a Kano, ɓangaren wuta. Na yi shekara ɗaya da zango ɗaya, mahaifina ya rasu, aka ce in dawo in riƙe gona. Daga baya na yi 'yan shekaru a wurin haƙar kuza ina riƙe wa mai gyaran wuta tsani. Riƙon tsani ba ƙaramin aiki ba ne, domin duk abin da na sama yake yi kana kallo, sai dai daga ƙasa. Tun lokacin maƙwabcina, wani kafinta da muka yi zaman kuza tare, yake kirana Injiniya, da irin muryar da ake kiran ɗan akuya.

Na buɗe akwatin katako na zaro littafina na makaranta. Gara ta ci gefensa ta yi masa ado, amma shafin ƙarshe yana nan lafiya, shafin da na kwafa daga allo ana jibi za a zo a tafi da ni. Malaminmu wani Ba'indiye ne siriri mai yawan atishawa. Ya zana murabba'i na waya, ya ce in saƙon rediyo ya ratsa ta cikin irin wannan zobe yakan haifar da 'yar wuta a jikin wayar, kuma ana iya lissafa yawanta tun kafin a sayi ko taƙi ɗaya na waya. Ga lissafin kamar yadda na kwafa: ka ɗauki yawan zagayen waya, ka ninka da faɗin filin da zoben ya kewaye, ka ninka da shida da 'yar ɗoriya, wato ashirin da biyu bisa bakwai sau biyu, ka ninka da ƙarfin saƙon a inda kake, sannan ka raba da tsawon zangon tashar. A ƙarshen layin kuma akwai wasu baƙaƙe uku, da wata alama kamar ƙwai an ɗaura masa ɗamara a ciki.

Wannan ƙwan ne malam ya ce zai yi mana bayaninsa ranar Litinin. Ranar Litinin ina bayan akori-kura a dajin Falgore, da akwatina a cinya.

Na daɗe ina kallon ƙwan. Na juya littafin, na karkata kai. Sai na yanke hukunci irin na manya: abu ne ƙarami, a ƙarshen layi yake, kuma da yana da muhimmanci da malam bai bar shi sai Litinin ba. Na sa babban yatsa na rufe shi, na ci gaba da aikina.

Tsawon zango bai ba ni wahala ba, don tun muna samari mai gabatarwa yake faɗa cewa ana sauraronsu a kan mita ɗari huɗu da 'yan kai. Na yafe 'yan kan. Zobe na ce mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, fili ya zama ɗaya, lissafi ya yi sauƙi. Zagaye goma. Ƙarfin saƙo ne ba ni da abin auna shi, sai na ari wanda malam ya yi misali da shi, kashi ɗaya cikin dubu na bolt a kowace mita. Goma sau shida da ɗoriya, sittin da uku saura kaɗan. Raba da ɗari huɗu. Raba da dubu. Abin da ya fito sai da na cire tabarau na goge: kashi ɗaya cikin dubu shida da wani abu na bolt guda. Batirin tocila ɗaya bolt ɗaya da rabi ne. Wato duk wannan ɗawainiya, wutar da zan kamo ba za ta ɗumama ƙafar sauro ba.

Amma a ƙasan shafin na ga na rubuta da jan biro cewa in aka haɗa bakin wayar biyu da abin murɗa tasha, wannan mai faranti-faranti da ke cikin tsohon rediyo, aka murɗa shi ya dace da tashar, 'yar wutar takan kumbura kamar sau ɗari. Na ninka da ɗari. Zuciyata ta dawo wurinta. Na fito tsakar gida na sanar da cewa an gama, saura aikin hannu.

Wayar na samo ta a Tudun Wada wurin wani mai naɗin koyil, wato wayar cikin injin ban ruwa, wanda ya tambaye ni ko tarkon gafiya zan haɗa. Katakon kuma dole na je wa maƙwabcina.

Ya ce, “Injiniya, taga za a yi? Ina ɗakin?”

Na ce, “Kai dai yanka mita ɗaya-ɗaya guda huɗu. Abin da ya wuce zarto ba fanninka ba ne.”

“To in ta kamo Kano, ka ce ta kamo mini ƙanena da ya tafi cirani bai dawo ba.”

Ya buga mini firam mai kusurwa huɗu kamar na taga, ya sa masa doguwar ƙafa ɗaya a ƙasa, da 'yar kanta ta katako a tsakiya inda rediyo zai zauna. Na naɗa waya zagaye goma, ina ƙirgawa da ƙarfi don a ji. Na fasa wani mataccen rediyo na ciro abin murɗa tashar na ɗaura. Na tuna malam ya ce rediyon ya ratsa zoben kamar zare a allura, kansa ta nan, gindinsa ta can, na ɗaure shi haka da tsumman roba. Sai na samu tsohon turmin da ya tsage, na cika shi da yashi a ƙarƙashin rumfa, na soka ƙafar a ciki.

Saura saiti, kuma a nan ne na nuna tarbiyya. Na tsaya na fuskanci gabas kamar zan ta da salla, na miƙa hannun hagu, na ce can ne Kano. Na juya firam ɗin na sa faffaɗar fuskarsa tana kallon arewa sak. Wannan ko tunani ban yi a kansa ba. Wa ya taɓa zuwa gaban babba yana magana ya ba shi kafaɗa? Almajirin ilimi fuskantar malaminsa yake yi, mai ƙara fuskantar alƙali yake yi. Kano za ta yi magana, eriyata za ta fuskance ta da ladabi. Na ɗauki gawayi na ja layi a jikin ƙafar da bakin turmin, na ce duk wanda ya gusar da wannan layi, ni da shi ne.

Na kunna. Shuuu.

Na murɗa faranti a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Shuuu. Rediyon da jiya yake ɗan yin raɗa a kan taga, yau ko raɗar babu. Na ƙara masa ilimi ya kurumce.

A nan ya kamata in gabatar da surukata, matar babban ɗanmu. Mijinta yana aiki a kudu, ita kuma tana koyarwa a makarantar 'yan mata ta kimiyya, ta ɗauki hutu ta zo taya uwar mijinta shiri. Na san kimiyya take koyarwa, amma a raina na ɗauka irin ta tsiro da ƙwari ce. Ban taɓa tambaya ba, kuma ba ta yadda zan tambaya. Shekara goma sha ɗaya da aurensu, maganar da ta taɓa shiga tsakanina da ita ba ta wuce gaisuwa ba. Takan durƙusa daga nesa, kai a ƙasa, “Baba, ina kwana,” in ce “Lafiya lau, Allah ya yi albarka,” ta tashi ta ɓace. In na shigo tana cin abinci, ta rufe kwano. In hanya ta haɗa mu, ta koma da baya. Haka aka san 'yar mutunci da surukinta, ni ma ina alfahari da hakan a majalisa.

Ranar da na kafa eriyar tana bakin murhu. Na lura ta ɗago ta dubi firam ɗin, ta dubi arewa, ta buɗe baki, ta rufe, ta koma hura wuta da ƙarfin da wutar ba ta buƙata. Na ɗauka mamakin fasaha ne.

Kwana na biyu na kankare duk mahaɗan waya da reza har na yanke yatsa. Kwana na uku na sayi sababbin batura. Kwana na huɗu na sake lissafin daga farko, sau uku, da biro kala biyu, amsa ɗaya take fitowa. Wannan shi ya fi ƙona mini rai. Da lissafin ya ƙi fita, da na san inda zan kama. Amma takarda tana cewa ga wuta nan, rediyo yana cewa shuuu, ni kuma ina tsakiya kamar mai sasanta kurame biyu. Damina ta fara, sassafe ina gona muna noman farko, sai in dawo da azahar in ci abinci a tsaye in koma ƙarƙashin rumfa. Da yamma lokacin sanarwa in tara gida, a shimfiɗa tabarma, in murɗa, mu saurari ƙarar walƙiyar da ake yi a wata ƙasa. Maƙwabcina yakan leƙo ta katanga.

“Injiniya, me Kano ta ce yau?”

“Ta ce a gaishe da masu sa ido.”

“Ina amsawa. Ka ce mata ta ɗan ɗaga murya.”

A daren kwana na huɗu, bayan sallar magariba, matata maniyyaciya ta kawo mini tuwo ta zauna. Ta ce, “Malam, yarinyar nan ta ce wai da za a ɗan juya abin nan ta gefe.”

Na ce, “Wace yarinya?”

“Matar yaron nan.” Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

Na ajiye loma. Na yi mata bayani cikin natsuwa, yadda ake yi wa wanda bai yi makaranta ba, cewa zobe ƙofa ne, saƙo baƙo ne, kuma baƙo ta ƙofa yake shigowa, ba ta jikin bango ba. In ka juya ƙofa ta gefe, ta ina zai shiga? Ta ce ita dai saƙo aka ba ta. Na ce a mayar wa mai saƙon cewa an gode, a ci gaba da kula da miya.

Kwana na biyar na dawo daga gona na tarar layin gawayina ya goce da kamar faɗin yatsa. Na tara gida na yi bincike. Maniyyaciya ta ce awaki ne. Na kama uwar awakin na ɗaure ta a bayan rumbu, tana kallona da idon wanda aka zalunta. Kwana na shida layin ya sake gocewa, wannan karon ta ɗaya gefen. Na ce to akuya tana ɗaure. Aka ce iska ce.

Abin da ya fi damuna shi ne natsuwar matar nan. Ni ba na iya barcin rana, abinci ba ya mini daɗi, ina lissafa yadda za a ce an kira Doguwa shekaranjiya, jirgi ya tashi, atamfa tana ƙarƙashin matashi. Ina ganin fuskar 'ya'yana in sun zo tambayar yadda aka yi. Ina jin yadda za a riƙa nuna ni a kasuwa har in mutu, ga wanda ya hana matarsa Makka da katako huɗu. Ita kuwa tana daka yajin tafiya tana 'yar waƙarta. Ranar nan ma har cewa ta yi, “An kira Bebeji da Kiru, saura Tudun Wada, sannan mu.”

Na ce, “Wa ya gaya miki?”

Ta ce, “A wurin mata na ji.”

Na ce matan garin nan da ko sabis ba su da shi? Ta ce mata ba sa rasa hanya. Sai ta ƙara da cewa, tana kallon turmin dakanta, “Yarinyar nan kuma ta ce in tambaye ka, wai kunnen mutum a goshi yake ko a gefe?”

Na ce, “Ki ce mata eriya ba mutum ba ce.” Na manta sarai cewa ni ne na fara mayar da ita mutum ranar da na koya mata ladabi.

Kwana na bakwai da na takwas na koma kan takarda da zafi. Tunda komai daidai ne, to wutar ce ta yi kaɗan, duwatsu sun cinye ƙarfin saƙon. Maganinsa ƙarin zagaye. Zagaye ashirin, wuta ta ninka biyu. Arba'in, ta ninka huɗu. Na cika shafi uku, har na lissafa zagaye ɗari don in ga lamba mai ƙiba in ji sanyi. Duk lokacin da idona ya faɗa kan ƙwan nan mai ɗamara, sai in matsar da yatsa in rufe shi. Sau ɗaya zuciyata ta ce, anya? Na ce mata ta yi mini shiru, ba yanzu ba.

Kwana na tara ban je gona ba. Na yi asubanci na hau bayan ɗan acaɓa za ni Tudun Wada ƙaro waya. An kwana ana ruwa a kan duwatsu, muka iso rafi muka tarar ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da rassan itace. Ɗan acaɓa ya ce ko da kujerar Makka zan biya shi ba zai shiga ba. Muka tsaya muna kallon ruwa, ni da wasu mata masu tallan nono, kowa da abin da ya dame shi. Na juyo gida a ƙafa rabin hanya, takalmi a hannu, raina a ɓace, hantsi ya ɗan ɗaga.

Tun daga zaure na ji murya. Namiji ne, yana magana tar-tar, da irin Hausar cikin birni. Na tsaya cak. Wane ƙato ne a cikin gidana da safiyar nan? Na sa kai ba sallama.

Suna zaune su biyu a tabarma a ƙarƙashin rumfa, maniyyaciya tana tsince shinkafa, surukata tana riƙe da abin murɗa tasha da yatsu biyu. Eriyata kuwa an juya ta, ta ba Kano kafaɗa, siririn gefenta yana nuna arewa, fuskarta tana kallon gabas. Rediyon da ya yi kwana takwas yana yi mini shuuu yana zuba magana kamar mai gabatarwar yana zaune a cikin turmin.

Surukata ta gan ni. Ta saki abin, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta durƙusa ta juya mini gefe. Na buɗe baki zan yi magana, maniyyaciya ta ɗaga mini hannu, abin da ba ta taɓa yi ba. Mutumin cikin rediyo yana cewa maniyyatan ƙaramar hukumar Doguwa, maza da mata, su hallara a sansanin alhazai gobe kafin la'asar, da jakunkunansu da takardunsu. Ya maimaita sau biyu. Maniyyaciya ta ajiye farantin shinkafa ta ce, “Alhamdu lillahi,” ta shafa fuska. Ni ma na faɗa, amma tawa a ciki ta maƙale, don na riga na gane cewa da rafi bai cika ba da ban ji wannan da kunnena ba, da kuma na zauna a gida tun safe ina gadin layin gawayina da ba wanda ya ji.

Na ce, “Tun yaushe?”

Ta ce, “Tun kwana na biyu. Kana fita gona mu juya, mu ji labarai da sanarwa, mu mayar kafin azahar. Layin naka ne yake ba mu wahala, gawayin ya yi kauri.”

“Akuyar fa?”

“Ka je ka nemi gafararta.”

Na zauna a kan kujerar tsugunno, na zaro littafin daga aljihu, na buɗe shafin. Ban dubi surukata ba, ita ma ba ta dube ni ba. Na ce wa iska, “Da za a samu wanda ya san wannan ƙwan mai ɗamara, da an ji bayaninsa.” Na ajiye littafin a tabarma. Maniyyaciya ta tura shi gaban surukata da bakin faranti.

Surukata ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, tana fuskantar uwar mijinta, “Inna, lissafin Baba duk daidai ne, ko ɗigo bai kuskure ba. Wannan alamar ce kawai ta rage. Kusurwa ce, tsakanin gefen zoben da inda tashar take. Inna, kin ga yadda Bafulatani yake tahowa ya gicciya sanda a kafaɗu ya rataya hannuwa? Shi kudu ya nufa, amma sandar gabas da yamma take nunawa. Haka saƙon yake, ƙarfin maganaɗisunsa a gicciye yake tafiya. Sandar ake so ta zura ta cikin zoben. In zoben ya fuskanci mutumin, sandar sai dai ta kwanta a fuskarsa, ba ta shiga. In ya ba shi gefe, ta shige.”

Maniyyaciya ta ce, “To.” Kamar ita ake koya wa.

“In gefen yana nuna tashar, Inna, sai a ninka amsar Baba da ɗaya, ta fito yadda ya lissafa. In fuskar ce take kallon tashar, da sifiri ake ninkawa.”

Na ce wa iska, “Ko zagaye arba'in ne?”

Ta ce, “Inna, ko dubu ne.”

Na dubi shafuka ukun da na cika. Shekara hamsin ina jiran ranar Litinin ɗin nan, ashe a tsakar gidana za ta same ni, daga bakin wadda na aika wa cewa ta kula da miya. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga, ya ji rediyo yana magana, ya ga fuskata, ya buɗe baki, sai kuma ya sauka a hankali bai ce komai ba. Wannan shirun nasa har yau ban yafe masa ba.

Ya kamata a ce nan na tsaya. Mai hankali da ya tashi ya je neman motar gobe da labarin rafi. Amma na ga ana naɗe tabarma, an bar ni ba ko kalma ɗaya ta kare kai, sai na gyara murya na ce, “To, ai an ji dai, lissafina daidai ne. Kuma ko yanzu ban ga laifin tunanina ba. Duk duniya an san mai son ya ji magana fuskantar mai maganar yake yi.”

Maniyyaciya ta miƙe da farantin shinkafa a hannu, ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, “Shekara arba'in da uku kana fuskantata in ina magana, Malam. Wacce ka taɓa ji?”